Karatun Buji a Zangon Wagadugu

Ranar da aka fara rushe Zangwetin, a ƙarshen 2003, amalanken jaki biyu ne suka kwashe kayan garejinmu kaf: jak, da sarƙar ɗaga inji, da akwatin sifanu, da wani babban gwangwanin madara da maigidana ya rantse ba za a bar shi a kango ba. Ba kuɗi ne a ciki ba. Matattun buji ne, sun fi ɗari. Mutanen Kano da Zariya fulogi suke cewa; mu nan bakinmu rabi ya sha Faransanci, rabi Turancin Kumasi, buji muka tashi muka ji. Kowane ɗaya akwai motar da ya fito daga cikinta da ciwon da ya kashe shi, kuma tsohon yana riƙe da labarinsu a ka. Bayan la'asar, in babu mota a kan rami, sai ya zazzage gwangwanin a kan buhu, ya tsinci ɗaya ya miƙo maka, ya ce, "Karanta mini."

Zangwetin a da ita ce unguwar Hausawan Wagadugu, a tsakiyar gari, tsakanin kasuwar Rood Woko da filin jirgin sama. Kakanninmu fataken goro ne masu bin hanyar Gwanja, su ratso Fada Ngurma su yada zango a ƙasar Mosi kafin su gangara Salaga, wasu kuma zangon ya zame musu gida. Shirin ZACA na sake gina tsakiyar birni shi ya tashe mu, tare da maƙwabtanmu na Tiedpalogo da Kamsaoghin da Peuloghin da wani yanki na Koulouba, mutum fiye da dubu goma. Aka yanka mana filaye a gefen Waga 2000, wajen kilomita 10 kudu da inda aka binne cibiyoyinmu, wasu kuma aka kai su Nioko. A shekarar ce kuma, cikin watan Mayu, gobara ta cinye Rood Woko. Ba shekarar da ɗan Zango ke son tunawa ba ce. Sai dai unguwar da aka ajiye mu a gindinta ta manya ce, wadda aka fara ginawa don taron shugabannin Faransa da Afirka na 1996, mai fadar Kosyam da ofisoshin jakadanci da tituna masu faɗi da ke kiran mai mota ya taka. Motocin da a da sai dai mu hange su suka koma suna mutuwa a ƙofar garejinmu.

Na shiga gareji a 1981, ƙasar tana Haute-Volta. Gari na Peugeot ne da Renault: 404 mai rumfar tamfol da ke jigilar ƙauye, da 504 waɗanda samarin Turawa ke ketowa da su Sahara ta Tamanrasset da Arlit da Agadas, su sayar su hau jirgi su koma. Da Thomas Sankara ya hau mulki a 1983 ya raba ministoci da Marsandi ya sa su a Renault 5, har motar gwamnati ta zama irin wadda yaron gareji zai kwance wa delko ido rufe. Wutar mota a lokacin a tafin hannu take: batir, bobin guda, delko da platine a cikinsa, wayoyi huɗu, buji huɗu, suna tashi bi da bi, 1-3-4-2. Bakin platine milimita 0.4, bakin buji 0.6 zuwa 0.7. Ba mu da ma'auni. Kwalin ashana muke zura wa na farko, ruwan zarton ƙarfe mu zura wa na biyu, kuma mota ta tashi.

In inji ya fara tsallake wuta, abin da makanikan nan ke cewa "rate", na Najeriya su ce "misin", maigidana ɗingishi yake kiransa, don a wajensa mota mai silinda huɗu jaki ce mai ƙafa huɗu. Gano gurguwar ƙafar ba wuya. A bar inji a ralanti, a zare wayar buji ɗaya bayan ɗaya. Wadda ka zare murya ta ƙara lalacewa lafiyarta lau, wadda ka zare inji bai ko kula ba, ita ce. Wanda wutar bobin ba ta taɓa fizgarsa har gwiwar hannu ba a wajen wannan gwaji bai fara koyo ba. Sai a kwance bujin, nan karatu yake farawa. Baƙi busasshe kamar gindin tukunya, mai ya rinjayi iska, a duba karbirato ko matatar da ƙurar hunturu ta toshe. Baƙi mai maiƙo, baƙin mai ne ke haurowa, ringi sun gaji. Fari fat kamar alli, yunwar mai ce ko zafi. Wanda ya fito tas kamar an wanke shi alhali 'yan'uwansa uku na da datti, shi ne mugun labari: ruwan lagireto na shiga ta gasket yana yi masa wankan tururi. Lafiyayye kuwa launin soyayyar gyaɗa ne.

"Buji ɗan aike ne," in ji tsohon. Ɗakin da wuta ke ci ba mahaluƙin da zai leƙa, shi kaɗai ke shiga ya fito da labari a jikinsa. Sai dai Wagadugu gari ne da ya saba dukan ɗan aike, kuma na san inda muka samo halin. Garin babura ne. Duk wanda ya girma a nan ya hau P50 mai shan melanj, fetur gauraye da baƙin mai, kuma ya san in ta mutu a hanya sai a kwance buji, a ƙwaƙule ɗan dutsen da ya haɗe bakinsa da tsinke, a hura, a mayar, a buga feda. Galibi kuwa ta tashi. Sai mutum ya sayi mota ya shigo da ilimin babur: kome ya same ta, a canja buji. Makanike ma ya fi son haka, aikin minti goma ne. A bar jaki a doki taiki, bayan mako biyu mota ta dawo.

Ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa, farank ɗin Faransa ɗaya da ke sefa 50 ya koma 100. Dare ɗaya sabuwar mota da sabon kayan gyara suka ninka kuɗi. Abin da ya cike gurbin shi ne kwancen Turai, wanda muke kira "France au revoir", wato Faransa sai wata rana, daga tashar ruwan Lome da ta Kwatano. Da su injekta ta cika gari, da ƙwaƙwalwar mota da muke kira kalkilato. Gaskiya tsoronsu muka ji. Gyaran farko da yawancinmu suka iya yi wa motar injekta shi ne a cire injektar a ɗaura karbirato da delkon tsohuwar mota, a naɗe wayoyin da suka rage a cusa bayan batir. Na yi da hannuna, ba sau ɗaya ba. In ana lissafin motocin da aka sauya wa halitta a garin nan, daga nan ya kamata a fara. Kayan kuwa zumuncin zango ke kawo su: ɗan'uwa a Suame Magazine ta Kumasi, suruki a Ladipo ta Ikko, abokin karatun allo a Ƙofar Ruwa ta Kano. Ka ba direban goro tsohon ƙarfe a ƙulle cikin tsumma, bayan kwana goma ya dawo maka da irinsa.

Sannan balis ta zo. Amurka ta wajabta tsarin OBD-II daga 1996, Turai ta bi da nata a kan motocin fetur daga 2001: soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, in ka jona na'ura mota ta faɗi abin da ke damunta. Faransawa na kiran na'urar "valise", wato akwati, muka mayar da ita balis. Dabarar da ake gane ɗingishi da ita ta burge ni ranar da na fahimce ta, don ta maigidana ce, an dai sauya kunne da lissafi. Kowane silinda in ya tashi yana ɗan ingiza karanshaf gaba. Sensa na ƙirga haƙoran da ke wucewa ta gabansa, in lokacin ingizar wani ya zo gudu bai ƙaru ba, sai kalkilato ya rubuta sunansa. P0301 na ɗaya, P0302 na biyu, P0300 kuma ɗingishin yawo, wanda bai tsaya ƙafa ɗaya ba. Da farko sai kamfanonin sayar da mota ke da ita. Yau ɗan ƙaramin ELM327 haɗe da wayar salula yana aljihun kowane aparanti.

Balis ta zo da nata rikicin. A yawancin injinan Peugeot da Renault na wancan zamani silinda na ɗaya yana wajen akwatin giya ne, ba wajen bel ba kamar na Jamus da Japan; an zubar da bobin masu rai da yawa a garin nan saboda yaro ya fara ƙirga daga inda bai kamata ba. Babbar matsalar dai ita ce balis tana faɗar ɗakin da aka yi sata, ba ta faɗar ɓarawo. Bayan ambaliyar 1 ga Satumba 2009, da ruwa fiye da milimita 260 ya sauka a yini ɗaya, makonni muka yi muna tsotse ruwa daga ramukan buji a motocin da aka riga aka yanke wa bobin ɗinsu hukuncin kisa. A tsakanin nan kuma karatun launi ya rikice. Daga farkon 2006 ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka bar fetur mai dalma, kuma lafiyayyen injin injekta bujinsa fari-fari yake fitowa, launin da a makarantar tsohon alamar yunwa ne. Tsohon kuwa bai daɗe da ƙaura ba Allah Ya karɓi abinsa. Na ɗauka gwangwaninsa ya bi shi, na tura shi ƙarƙashin tebur na manta.

Turbo ba baƙo ba ne gare mu. Injiniyan Suwizalan Alfred Büchi ya yi rajistar dabarar tun 1905: hayaƙin da ke fita ya juya wata fanka, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke ɗura wa inji iska fiye da abin da zai shaƙa da kansa. Amma shekara da shekaru a manyan motocin hanyar Lome da Abijan muka san shi, da 505 da 406 masu gazuwal, kuma injin gazuwal ba ya da tartsatsi. Bujinsa na ɗumama ɗaki ne kawai da safe. Turbo mai fetur abin 'yan tsere ne da masu kuɗi, irin Porsche 911 Turbo ta 1975, har sai da dokokin hayaƙi suka matsa wa kamfanoni suka koma ƙera ƙaramin inji su ɗaura masa turbo ya yi aikin babba: 2.0 TFSI na Volkswagen da Audi, 1.6 THP da Peugeot ta haɗa da BMW a 2006, EcoBoost na Ford. Abin da Turai ta hau yau, bayan shekara goma yana Lome. Ko Land Cruiser, wadda sunanta a bakin mutanen nan "V8" ne kawai, tun 2021 sabuwarta V6 ce mai turbo biyu.

Wadda ta koya mini hankali wata baƙar mota ce ta ɗan wani Alhaji, an sayo ta a gwanjon Amurka. A tsaye kamar agogo. Cikin gari lafiya. Amma a hau hanyar Po a taka, allura na kaiwa wajen 3,000 sai ta fara fizga kamar doki ya hangi kura, fitilar inji na ƙyaftawa. A kashe a tayar, ta koma lau kamar ba ita ba. Na yi abin da na gada: na zaro bobin da bujinsa, na jingina da jikin inji, yaro ya murɗa makulli, tartsatsi shuɗi ya fito ƙat-ƙat. Na ce wuta ba ta da laifi. Na sa aka sayi famfon mai, na wanke injekta. Mako uku motar tana wajena, Alhaji da ke kirana Malam ya koma ce mini "kai".

Wani malamin lantarki mai koyarwa a makarantar sana'a, wanda muke sallar asuba sahu ɗaya, shi ya warware mini, yana zane a ƙasa da tsinke. Tartsatsi, in ji shi, rami yake tsallakewa, kuma wahalar tsallaken ta dogara da faɗin ramin da cunkoson iskar da ke cikinsa; wani Bajamushe, Friedrich Paschen, ya auna wannan tun 1889. A sarari, milimita ɗaya volt dubu uku ko huɗu ya ishe shi, ko bobin da ke gargara zai yi. A cikin silinda, bayan fistin ya matse iska, ana neman ninkin haka sau da yawa; in turbo ya ƙara ɗura matsin bar ɗaya a kai, ko ɗaya da rabi a motar da aka yi wa ƙari, buƙatar na iya haura dubu 30. Wuta kuwa halin ruwa gare ta, ba ta hawa tudu ga gangare. In bakin buji ya yi mata tsauri sai ta bi bayan farin tangaran ta sauka jikin ƙarfe, ko ta huda robar bobin. Gwajin da na yi kamar a auna ƙarfin ɗan dako ne da buhun da ba kome a ciki.

Washegari na kwance bujin huɗu na kai su rana. A jikin tangaran na biyu ga wani siririn layi baƙi kamar an ja da fensir, hanyar da wuta ta ƙona wa kanta. Na zura ma'auni: milimita 1.1. Wani kafin ni ya ɗaura mata bujin injin da ba turbo, don zarensu ɗaya kuma ya fi araha, alhali irin wannan inji 0.7 zuwa 0.8 yake so. Da muka bi ta da balis muna tafe, sai ga iskar turbo ta wuce abin da kamfani ya rubuta nesa. Mai ita na Amurka ya yi mata ƙarin ƙarfi a kalkilato, da zai rabu da ita ya kwance ƙarafunan da ya ɗaura, ya bar lissafin a ciki. Warkewar da take yi in an kashe kuwa, kalkilato ne ke rufe wa gurguwar ƙafa mai don kada ɗanyen fetur ya ƙone katalizo, sai an sake tayarwa ya buɗe. Buji huɗu masu sanyi, baki 0.65, da sabon bobin a na biyu, don layin ya zanu a robarsa shi ma. Ranar na jawo gwangwani daga ƙarƙashin tebur na jefa bujin mai layi a ciki.

Abin haushi, darasin yana gabana tun tuni. Koren tasin Wagadugu masu injin fetur, da yawansu an juya su suna shan gas ɗin girki, tulu a but, duk da hukuma ta hana. Direbobinsu sun daɗe da sanin motar gas ta fi son a matse wa buji baki, don gas ya fi fetur wuyar kunnawa. Ba wanda ya karanta musu Paschen.

Sanyin bujin da na ambata ba na wutarsa ba ne. Hancin tangaransa ne gajere, yana saurin miƙa zafi ga kan inji. Bakin buji na son ya zauna sama da digiri 450 ko 500 don ya ƙone dattin kansa, amma in ya doshi 900 sai ya zama garwashi ya kunna mai kafin lokaci, wannan kuwa huda fistin yake yi. Injin da aka ƙara wa ƙarfi ya fi zafi, shi ya sa ake sauko masa da mataki ɗaya. A nan ma akwai tarko: a lambar NGK 7 ta fi 6 sanyi, a ta Bosch ƙaramar lamba ce mai sanyi. Na ga yaron shago ya miƙa mai zafi da zuciya ɗaya yana rantsuwa. In kuma ka zarce a sanyi ga motar da aikinta kai yara makaranta da tsayuwa a danja, nan da nan buji ya yi baƙi. Ga kuma jabu, kwali tsaf, rubutu tsaf, an sa iridium a jiki. Na gaske tsininsa milimita 0.6 ne ko 0.4, na ƙarfen da sai zafi ya haura digiri 2,400 yake narkewa. Na jabu ƙarfen banza ne aka fiƙe, cikin 'yan watanni ya cinye, baki ya buɗe. Mota marar turbo za ta daure. Mai turbo ba ta da wannan haƙuri.

Amma in za a tambaye ni abin da ya fi kashe waɗannan motoci a Waga 2000, ba buji zan ce ba, lamba 91 zan ce. Fetur ɗin gidajen mai a Burkina Super 91 ne. Yaro ya buɗe murfin tankin motarsa ta Amurka ya ga an rubuta 91, ya ce alhamdulillahi, daidai. Ba daidai ba ne. Ma'aunin Amurka daban ne da namu da na Turai. 91 ɗinsu wajen 95 ne a namu, namu 91 kuma a wajensu wajen 87 ne, mafi ƙanƙantar abin da suke sayarwa a yawancin gidajen mai. Lissafin ƙarin ƙarfi da ake saye ta intanet a ɗura wa kalkilato, wanda samari ke kira "reprog", galibi don 98 da iskar Jamus aka rubuta shi. A kawo shi nan a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, lagireton iskar turbo ya sha jar ƙura. Sai mai ya riƙa fashewa da kansa kafin harshen wuta ya iso shi, ka ji ƙara kamar tsakuwa a gwangwani. Inji na da kunnen da ke jin wannan ya ja wuta baya, amma ja da baya na da iyaka. Ɗan aike ke fara kawo labarin: ɗigo-ɗigo baƙi kamar an barbaɗa masoro a kan farin tangaran, in abin ya yi nisa su koma masu ƙyalli, wato alminiyon fistin ya fara narkewa. Wasu su ruga su sayi kwalbar ƙarin oktan. Irin mai manganis ko ƙarfe a ciki jan lalle take ƙunsa wa buji, in ya yi kauri wuta ta bi ta kansa ta gudu. Fetur ɗin kwalba na bakin titi kuwa ba na ma son buɗe babinsa.

Abin da ya mayar da ni makarantar tsohon gaba ɗaya shi ne gano cewa balis na iya faɗar ƙarya, ba don halinta ba, don an toshe bakin mai ba ta labari. Motoci da yawa na isowa an riga an fasa katalizo an kwashe abin da ke ciki, saboda ƙarafa masu tsada da ke shafe a jikinsa. Don kada fitila ta kama sai a shiga kalkilato a kashe lambar, kuma mai kashe lamba ɗaya ba ya jin nauyin kashe goma. Na sha ganin motar da ke ɗingishin da kurma zai ji, balis ta ce ba laifi ko ɗaya. Wasu kuma da gangan aka koya wa motar harbi kamar bindigar toka, a jinkirta wuta a bar mai ya fashe a salansa, don a firgita masu babur a danja. A irin wannan mota ba ka da shaidan da ba a saya ba sai buji.

Aikina yanzu haɗin gambiza ne. In balis ta ce na biyu, sai in kai bobinsa na uku, bujinsa in kai na huɗu, in fita hanya. Ɗingishi ya koma uku, bobin ne. Ya koma huɗu, buji ne. Ya tsaya a biyu, to a bar wuta ta huta, a auna matsi, a saurari injekta. In da sanyin safiya kawai take yi, a injinan da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda, na fi zargin gawayin da ke taruwa a bayan bawul, don fetur ba ya bi ta nan balle ya wanke shi. In kuwa sai an taka take yi, sai in ɗaura sabbin buji, in ɗauki yaro ɗaya mu fita hanyar Po can bayan gari, in taka sosai sau biyu ko uku, in sauka gefe in kashe nan take, don ralanti goge rubutun yake yi. Na san turbo ba ya son a kashe shi da zafi, amma sau ɗaya ba ya kisa. Mu zauna gindin kaɗanya har kan inji ya huce, mu kwance, mu duba da gilashin mai gyaran agogo.

A bazarar da ta wuce wani saurayi ya shigo da farar mota, kwali a hannu.

"Baba, buji kawai za a canja. Na ma zo da su."

Na ce to, bari mu ga na ciki tukuna. Na kwance na uku na kai shi rana.

"Ɗana, wa ya taɓa maka kalkilato?"

"Wani ne ta intanet, Baba. Ba ka ji yadda take tashi ba yanzu."

"Don wane mai ya rubuta maka shi?"

Ya yi shiru. Na miƙa masa gilashin. Ya daɗe yana kallo, ya ce akwai wasu 'yan abubuwa masu ƙyalli kamar azurfa. Na ce fistin ɗinka ne. Na gaya masa hanya biyu ce, ko a mayar da lissafin kamfani yau, ko ya fara tara kuɗin inji daga Lome. Ya ce zai yi shawara, amma dai a ɗaura bujin, yana da biki da yamma. Na ɗaura, na matse musu baki gwargwado. Da ya kai kwana muka ji harbi biyu, kajin maƙwabta suka watse.

Aparantina ya ɗauki tsohon bujin daga kan tsumma. "Patoro, wannan na gwangwani ne ko na bola?"

Na ce ya ɗaura masa zare da takarda, ya rubuta lambar motar da kwanan wata, ya ajiye mini a kan tebur tukuna. Zan neme shi ranar da za a zo tambayar wanda ya taɓa injin ƙarshe.